Tun Da Ya Kwanta Ciwo, Alhaji Bai Sake Duban Inda Nake Ba

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi. Shekararmu 34 da aure da Alhaji, fataucin goro yake yi, kuma ina da abokiyar zama da ta shigo shekara 9 da suka wuce. Yau mako 7 ke nan da ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta. Hannunsa da ƙafarsa na hagu sun yi rauni, amma bakinsa garau, yana gane kowa. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun da muka dawo gida bai sake duban inda nake ba. Kujerata tana gindin taga, hagu da gadonsa, amarya kuma tana zama ta bakin ƙofa, dama da shi. In na yi masa magana sai ya juya ya ba ta amsa, kamar ita ta yi maganar. In na zuba masa waakye sai ya ci rabi ya ce na yi masa rowa, ga nama da ƙwai a gefe bai taɓa ba. Rannan da dare ya ce a ɗauke masa hannun wani da ke kan gadonsa, alhali nasa ne. An gwada idonsa an ce lafiya lau. 'Yan'uwana sun ce an shiga tsakaninmu ne, wasu sun ce iska ce. Shi kuwa cewa yake ƙalau yake, zai ɗauki motarsa ya koma kasuwa. Na fara tunanin in tattara in koma gidan babban ɗana. Ki ba ni shawara.

Uwargida, Aboabo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kada ki ɗaure kaya tukuna. Yau da daddare ki ɗauke kujerar nan daga gindin taga ki kai ta bakin ƙofa, amarya ta koma inda kike zama, sannan ki kira shi yadda kika saba kiransa shekara 34. Ina kyautata zaton zai dube ki ya amsa miki, kuma amarya ce za ta wayi gari tana magana ba a waiwayo ta. Gani ya kori ji. Na fara da wannan ne don na san ba bayanin likita ne ya hana ki barci ba. Abin da ya hana ki barci shi ne tambayar ko mutumin da kuka yi ƙuruciya tare ya fitar da ke daga ransa. Duk abin da kika lissafa, tun daga rabin faranti har zuwa hannun da ya ce ba nasa ba ne, alamun larura ɗaya ne da masu jinyar shanyewar ɓarin jiki suka sani sarai. Likitoci suna kiranta niglet. Ni zan kira ta gafalar hagu, don abin da take yi ke nan: tana ɗauke hankalin mutum daga duk abin da ke hagunsa, ko mutum ne, ko abinci, ko ƙofa, ko jikinsa shi kansa.

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma aikinsu a gicciye yake. Ɓarin dama ke riƙe da hagun jiki, ɓarin hagu ke riƙe da daman jiki. Tunda hagun Alhaji ne ya yi rauni, to a ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa jijiyar jini ta toshe ko ta fashe. Shi ya sa bakinsa bai taɓu ba, domin a wurin yawancin mutane magana a ɓarin hagu take zaune. Wannan kuwa shi ya ƙara rikita ku. Da maganarsa ta sarƙe, da kowa ya yi masa uzuri. Amma mutum yana zance tiryan-tiryan, yana tuna bashin da yake bin wane tun bara, wa zai yarda cewa rashin waiwayon da yake yi ciwo ne?

Ki ɗauka kasuwa ce mai ƙofa biyu da masu gadi biyu. Mai gadin ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ƙofar dama kawai yake tsaro. Mai gadin ɓarin dama kuwa zagaye yake yi, yana leƙa ƙofar hagu yana leƙa ta dama. In na farkon ya kwanta, na biyun yana rufa masa asiri, shi ya sa ba a cika ganin wannan larura da tsanani ga waɗanda damansu ya shanye ba. In na biyun ne ya kwanta, ƙofar hagu ta zama ba mai ita, kuma babu wanda zai zo ya ba da labarin cewa ba mai ita. Mai gadin da ya rage sai ya riƙa jan komai zuwa ƙofarsa. Muryarki tana shiga kunnen Alhaji, ya ji an yi magana, amma da ƙwaƙwalwarsa ta tashi neman mai maganar sai ta nufi dama, ta tarar da amarya a zaune, ta ba ta maganar. Da tukunyar shayi ce a wurin, da ita zai fuskanta yana ba ki amsa.

Ba makanta ba ce, shi ya sa mai gwajin ido bai ga komai ba. Akwai wata larurar daban da ita ma take biyo bayan wannan ciwo, inda rabin gani yake ɗaukewa. Mai irin wannan yakan san ya rasa wani abu, ya koyi juya kansa don ya cike. Mai gafala bai san ya rasa komai ba. Ki gwada da kanki yanzu: me kike gani a bayan ƙeyarki? Ba duhu kike gani ba, ba kuma ki jin cewa duniyarki ta ragu. Wurin kawai ba ya cikin lissafinki. To haka hagu ta koma wa Alhaji. Da ya ce kin yi masa rowa, gaskiyarsa ya faɗa. Farantin da ya sani ya cinye shi tas.

Abin ba a ido ya tsaya ba, har cikin tunani yake shiga. A 1978 wasu likitoci biyu a birnin Milan na Italiya, Bisiach da Luzzatti, suka ce wa majinyatansu su kawo babban dandalin garin a ransu, wurin da suka sani sarai, kamar suna tsaye suna fuskantar babbar majami'ar da ke wurin, su faɗi gine-ginen da ke kewaye. Suka lissafa na dama, suka bar na hagu. Aka ce to su juya a ransu, kamar suna tsaye a ƙofar majami'ar suna kallon dandalin. Sai suka lissafa waɗanda suka bari ɗazu, suka manta waɗanda suka faɗa. Kin ga ke nan babu abin da ya goge a ƙwaƙwalwarsu. Duka gine-ginen suna nan. Hankalin ne ba ya juyawa hagu ya ɗauko su. Ki tambayi Alhaji wata rana cikin hira ya lissafa miki maƙwabtan rumfarsa in ya shigo layinsu daga sama, gobe kuma in ya shigo daga ƙasa, ki ji abin da zai ce.

Akwai wani gwajin da na fi so ki riƙe. A 1988 a Ingila, masu bincike biyu, Marshall da Halligan, suka nuna wa wata mata mai wannan larura zanen gidaje biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya wuta tana ci ta gefensa na hagu. Ta ce babu bambanci tsakaninsu. Aka ce to wanne za ki zauna a ciki? Ta ce ai tambayar ba ta da ma'ana, gida ɗaya ne. Amma da aka yi ta maimaitawa, galibi gidan da ba wuta take zaɓa. Wani abu a cikinta ya ga wutar, ko da yake labarin bai iso inda za ta iya faɗarsa ba. Duk lokacin da na tuna mako 7 ɗin da kika yi a gindin tagar nan kina yi masa fifita, kina gyara masa matashi, ba ya ko duban ki, wannan matar nake tunawa. Ba na jin zaman nan naki ya tafi a banza.

Maganar hannun da ya ce na wani ne, ita ma daga nan take, kuma an daɗe da saninta. Hannun ba ya motsi yadda ya saba, jinsa ya ragu, ga shi a ɓangaren da hankali ba ya zuwa, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa ba nata ba ne. Ta fi faruwa a makonnin farko, kuma yawanci takan wuce. Haka nan cewar da yake yi lafiyarsa ƙalau. Ba taurin kai ba ne, ba girman kan maza ba ne. Tun 1914 wani likita a Faransa, Babinski, ya bayyana majinyatan da hagunsu ya shanye suna rantsuwa cewa ba abin da ya same su. Wurin da ya kamata ya sanar da mutum cewa ya samu rauni, shi ne wurin da ya samu raunin. Don haka gardama da shi ɓata baki ne. Za ki kawo hujja goma, ya kawo sha ɗaya, ku rabu kowa ransa a ɓace.

Yanzu maganar 'yan'uwanki. Na san don suna ƙaunarki suka faɗa, kuma na san a zango in namiji mai mata biyu ya canza fuska, ba a nisa wajen neman dalili. Amma ki dubi abin da ake ɗora wa baiwar Allah nan, alhali laifinta kawai shi ne kujerarta tana bakin ƙofa. Allah ya gaya mana a Suratul Hujurat cewa wani sashen zato zunubi ne. In kika yi musanyar kujerun nan kika ga abin da na gaya miki, ki kira wadda ta fi kowa zafi a cikin 'yan'uwan naki ki sa ta tsaya a hagunsa ta gaishe shi, sannan ta zagayo dama ta sake gaishe shi. Ba sai kin ƙara ko kalma ba. Ita kuma amarya, ki zaunar da ita ki yi mata bayanin nan da bakinki. Ke ce babba, daga gare ki ya kamata ya fito. Ina tabbatar miki maganganun sun isa kunnenta, kuma ita ma tana kwana da nata ciwon. Jinyar da ke gabanku ta watanni ce, ta fi ƙarfin mace ɗaya.

Addu'a kuwa a yi ta ba dare ba rana, a yi masa tofi, a yi sadaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ajiye ƙwayoyin asibiti a koma kan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da cikin trotro, ko a ɗura masa abin sha yana kishingiɗe alhali yana ƙwarewa.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki, motar nan. Hajiya, makullin ya bar gidan yau. Ki ba babban ɗanku ya tafi da shi, motar ma in da hali a kai ta wani wuri, don ganinta a ƙofar gida kullum zai riƙa tayar da maganar. Mai gafalar hagu ba zai lura da motar da ke tahowa ta ɗaya hannun ba, ba zai lura da yaron da ya tsallako daga hagu ba. Kada ku ce masa ba zai sake tuƙi ba har abada, ku ce sai likita ya gwada shi ya ba da izini, kuma ku sa likitan ya faɗa masa da kansa. Ko da ƙafa ma akwai haɗari. Tun 1974 da Gana ta koma tuƙi a hannun dama, duk wanda ya sa ƙafa zai tsallaka titi, abin hawan da zai fara cim masa daga hagunsa yake fitowa, daidai inda Alhaji ba ya dubawa. Ki haɗa da yadda 'yan pragya, masu keke mai ƙafa uku, da masu babur suke kutsawa a lungunan Aboabo da Asawase, da kwatocin da ba su da murfi. In ya samu ƙarfin zuwa masallaci, wani ya raka shi, kuma ɗan rakiyar ya tsaya a hagunsa, tsakaninsa da titi ko kwata.

Kuɗi ma haka. Lamba daga hagu take farawa, kuma lambar hagu ita ce mai nauyi. Alhaji zai iya duban 1500 a waya ya karanta 500, ko ya dubi 250 ya ga 50. Kada ya tura ko ya amshi kuɗi ta MoMo shi kaɗai, kada ya sa hannu a takarda ba wanda ya karanta masa. Amma kada a ƙwace masa harkarsa ɗungurungum. Ɗansa ya riƙa zuwa da lissafin goron da ya shigo da wanda ya fita, ya zauna gabansa, ya karanta masa, ya nemi shawararsa. Sanin kasuwarsa yana nan daram, kuma namijin da aka mayar da shi kamar kayan ɗaki yakan karaya da wuri.

A cikin gida, hannun nan na hagu amana ne a wurinku tunda mai shi ya manta da shi. Zai iya kwanciya a kansa har ya kumbura, ya bar shi yana lilo ya shiga tayar keken marasa lafiya, ko ya jingina shi da butar ruwan zafi ko kurfoti bai ji ba. In yana zaune a ɗora hannun kan matashi a gabansa, inda idonsa zai riƙa faɗawa a kai. Kada kowa ya ja shi ta wannan hannun in za a tashe shi, kafaɗar da ta yi rauni saurin gocewa take, kuma ciwonta yana daɗewa. Bayan ya ci abinci a duba kuncinsa na hagu, don loma takan maƙale a can bai sani ba. Ya ci a zaune sosai, ba a kishingiɗe ba. In yana tari ko muryarsa tana canzawa in ya sha ruwa, ki gaya wa likita.

To, ta yaya za a dawo masa da hagun? A nan nake so ki bambanta abu biyu. In magana ce mai muhimmanci, ko shan magani, ko ya gaji, ko kuma ke ce kawai kike so mijinki ya dube ki, ki zo masa ta dama ko ta gaba. Babu laifi, kuma kina da haƙƙin hakan. Amma in aka bar shi a haka, kowa ya koma dama, aka tura hagunsa jikin bango, to an taya ciwon zama. Dole a riƙa ba shi dalilin juyawa. Ki fara daga gabansa har ya kama idonki, sannan ki riƙa matsawa hagu a hankali kina ci gaba da magana, idonsa yana biye da ke. Ki dafa hannunsa na hagu in kina yi masa magana. Rediyonsa, carbinsa, kofin shayinsa, a riƙa ajiye su ɗan hagu da tsakiya, gobe a ƙara matsar da su kaɗan. In ɗakin zai ba da dama, a juya gadon yadda masu shigowa za su riƙa fitowa ta hagunsa, amma a bar masa ƙararrawa ko wayar da zai kira ku a damansa, inda zai same ta da dare.

Yawan ce masa "duba hagu" ba ya aiki sosai. Zai duba sau ɗaya don kin ce, minti ɗaya ya koma gidan jiya, ke ki gaji, shi ya ji ana yi masa tsawa kamar yaro. Gara ki ba shi abin nema. Ki ce, "Alhaji, zagaya bakin farantin nan da yatsa har ka dawo inda ka fara." A hanya zai ci karo da namansa. Ko ki ce, "Akwai ƙosai biyar, nemo su duka." Masu koyar da irin waɗannan majinyata suna sa su juya kai daga wannan kafaɗa zuwa waccan kafin su fara komai, kamar fanka mai juyawa. Kafin ya ci, kafin ya tashi, kafin ya shiga ƙofa, fanka tukuna. In ya ƙi ci kuma ya gaji da nema, ki juya masa farantin kawai, cikinsa ya fi darasi muhimmanci a wannan lokacin.

Alwala babbar makaranta ce a gare shi, sau biyar a rana, ga ta da tsarin da ya haddace tun yana yaro. Ki lura, zai iya wanke rabin fuska, ya wanke ƙafar dama, ya miƙe ya ce ya gama. Ki zauna kusa ki riƙa tuna masa da taushi, dama sannan hagu, ki sa ya kama hannun hagun da na damansa ya wanke shi yana kallonsa. Ko ɗan motsi kaɗan yatsun hagu suke yi, a sa su aiki, don an lura motsa gaɓar hagu a ɓangaren hagu yana taimakawa wajen farkar da hankali zuwa can. Ya riƙe carbi da shi, ya danne takarda da shi, ya shafa mai da taimakon ɗayan. Na san mun taso ana kwaɓar mu kan hagu, mu da maƙwabtanmu Asante duka, ba a ba da abu da ita, ba a karɓa da ita. Wannan larura ce, a bar shi ya yi. Salla kuwa, in bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, addini ya sauƙaƙa, malamin unguwarku zai ƙara muku bayani.

Karatun Alƙur'ani ma ki sa ido. Larabci daga dama yake farawa, don haka zai kama farkon layi daidai, sai ya yanke kafin ƙarshe ya faɗa layi na gaba, ko ya tsallake shafin hagu gaba ɗaya. In surar da ya haddace ce, zai cike da ka, ba za ki gane ba. A rubutun boko kuwa akasin haka ne, daga tsakiyar layi zai fara. Maganin duka biyun ɗaya ne. Ki samo jan ƙyalle ko jan zare mai kauri ki shimfiɗa a gefen hagu na shafin, ki ce kada ya bar layi sai yatsansa ya taɓa jan, a boko kuma kada ya fara sai ya nemo jan. A sa rula a ƙarƙashin layin da yake karantawa. Irin jan nan za a iya liƙa shi a gefen hagu na ƙofar ɗaki da ta banɗaki, inda yake bugun kafaɗa.

Duk wannan a yi shi kaɗan-kaɗan, minti 10 ko 15, sau da yawa a rana, lokacin da yake da kuzari. Dalili shi ne ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ba hagu kawai yake tsaro ba, shi ne kuma yake riƙe mutum a farke, hankalinsa a tattare. Shi ya sa za ki ga Alhaji yana saurin gajiya, zance yana kuɓuce masa a tsakiya, ƙaramin motsi ya ɗauke masa hankali, ko ya zabura ya miƙe bai shirya ba. Kuma da ya gaji gafalar takan ƙaru. A nan ne al'adarmu ta dubiya, duk da ladanta, take iya zame masa nauyi. Mutum takwas a ɗaki, talabijin tana yi, yara suna shiga suna fita, kowa yana tambayarsa ya jiki. Ki tsara abin: mutum biyu a lokaci ɗaya, mutum ɗaya ke magana, a kashe talabijin, a gajarta zama, a bar masa barcin rana. Wanda ya ji haushi ki ba shi haƙuri, ki ce umarnin likita ne, domin kowane likita haka zai ce.

Wani abin kuma da zai iya ƙona miki rai ko bayan kin koma dama: masu rauni a wannan ɓarin sau da yawa muryarsu takan zama shimfiɗaɗɗiya, fuskarsu ba walwala, kuma ba sa saurin karanta ɓacin rai ko farin ciki a fuskar wani. In kin yi fushi kin yi shiru kina jira ya gane ya lallashe ki kamar da, za ki daɗe kina jira. Ki faɗa masa da baki, "Alhaji, yau raina ba daɗi." Idan kuma kika ga ya daina cin abinci, yana yawan kuka, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne da yake kama kusan mutum ɗaya cikin uku bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma yana da magani.

Ranar komawa asibiti kada ki tsaya a "jiki da sauƙi". Kafin ranar, ki ba shi takarda a tsakiyar gabansa ki ce ya zana agogo da lambobinsa 12. A wata takardar ki ja dogon layi a kwance ki ce ya sa alama a tsakiyarsa. Mai gafalar hagu yakan cusa lambobin a gefen dama, alamar tsakiya kuma ta karkata dama. Ki rubuta kwanan wata a kai, ki kai wa likita, ki gaya masa labarin farantin da na hannun da na motar, shi zai tantance ko gafala ce kaɗai ko ta haɗu da ɗaukewar rabin gani, don sukan zo tare. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, Gee ɗinmu, yana da likitocin ƙwaƙwalwa da sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi. Ki nemi a haɗa ku da masu fisiyo, ki gaya musu maganar gafalar tun ranar farko, ki kuma tambaya ko akwai mai koyar da majinyata ayyukan yau da kullum, irin su wanka da sa tufafi da cin abinci, don wannan fanninsu ne. Ki tafi da katin inshorar lafiyarsa, ki tafi da amarya ko ɗanku, kunne biyu ya fi ɗaya. Akwai wata dabara da aka fito da ita a Liyon ta Faransa a 1998, ta sa wa majinyaci tabarau mai karkatar da gani yana nuna abu da yatsa. Wasu tana taimaka musu, wasu ba ta yi musu komai, don haka kada ki sayar da kadara kina nemanta. Abin da za ku yi a gida kullum shi ne jarin.

Maganin hawan jini kuwa ba a fashinsa ko da awo ya yi kyau. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na nan Kumasi da na Kano, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo mana wannan ciwo. A rage gishiri da dunƙulen miya, a yawaita ganye. In kika ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko wata gaɓa ta saki farat ɗaya, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye. A kira lambar gaggawa ta 112 ko a sa shi a mota zuwa asibiti nan take, awoyin farko su ne komai.

Ba zan yi miki alkawarin zai koma kamar da ba. Abin da aka sani shi ne mafi yawan sauƙin gafala yana zuwa ne a cikin wata 3 na farko, da yawa takan ragu sosai ko ta wuce, wasu kuma takan zauna musu, sai dai su koyi zama da ita. Ku kuna mako na 7, ƙofa a buɗe take, kuma waɗannan makonnin ba na zaman gidan ɗa ba ne. In kin gaji, kuma dole ki gaji, ki je can ki kwana biyu ki huta ki dawo, amarya ta riƙe, ita ma in ta gaji ki riƙe mata. Ki auna naki jinin ke ma.

Yau dai ki zauna a damansa. Ki kai masa kokonsa da kanki, ki bar shi ya dube ki son ransa, ki ba shi labarin jikokinsa. Gobe ki ja kujerar taki ɗaya zuwa ƙafar gadon. In ya bi ki da ido, jibi ki ƙara taki ɗaya, har ranar da za ki koma gindin tagarki ki kira shi ya juyo. Ki rubuto mini ki gaya mini a taki na nawa kuke.